Buhunan Ƙurya

Ɗazu na ji ɗaya daga cikinku tana cewa in ba ta samu aikin shago ba, sai ta nemi gidan wata Madam ta riƙa yi mata tuwon dare, wai ai ba wani abu ba ne, ɗora tukunya ne da saukewa. Sai da na riƙe baki. Ni Mariyama, mutuniyar Bazaga, na yi girki a gidajen mutane a nan Ƙonni tun ina iya sauke babbar tukunya ni kaɗai har kafaɗata ta ƙi muciya, kuma ban taɓa jin wadda ta san aikin ta raina shi haka ba. Ku matso ku ji.

Ƙanwar uwata ce ta koya mini. Hajo sunanta, amma duk gari Tanti Hajo ake ce mata, don ta daɗe tana dafa wa ma'aikatan buro, wato ofis, abinci. Ita ta ɗauko ni daga ƙauye bayan rasuwar mijina. Ranar farko da ta tafi da ni cefane, muka shiga kasuwa ta wajen masu tumatir, muka ratsa masu awo, muka fita ta wajen mahauta, ko gishiri ba ta saya ba. Na ɗauka ta manta abin da ya kawo mu. Sai da muka tsaya a inuwa ta ce in faɗa mata abin da na gani. Na ce na ga mutane. Ta ce ita ta ga kuɓewa ɗanya ta yi araha, kifi na jiya ne, kabewa ta fara shigowa, saboda haka yau miyar kuɓewa za a sha, gobe a yi ta kabewa. Daga nan muka koma muka fara saye.

A wannan zagaye na biyu ne idona ya buɗe. Ta damƙi wake a wajen wani mai awo ta kai hanci, ta mayar, ta ja hannuna muka wuce. Ta ce an barbaɗa masa maganin ƙwari, wanda ya dafa shi yau gidansa a likita za su kwana. Ta ɗebi garin busasshen tumatir ta zuba a tafin hannu, ta ɗiga ruwa ta murza, sai ga jar ƙasa ta kwanta. Ta karɓi tiya, kwanon awon hatsi, ta juya ta nuna mini inda aka bubbuge gindinta ya shige ciki. Ni da na taso ina ganin abinci daga rumbu yake fitowa, ban taɓa zaton akwai mai iya zuba ƙasa a cikin abin da yara za su ci ba, ya kuma yi maka murmushi.

Tanti Hajo ta ce tuwon dare da safe ake fara shi. Kafin ki taɓa kwando sai kin leƙa sito kin ga abin da ya rage, kin tambayi wa ya yi tafiya, wa ya dawo, wa ke zazzaɓi, ko akwai baƙon da ake jira. Sai kin tuna abin da aka ci jiya da shekaranjiya, don in kika jera wa mutane miyar kuka sau uku, ko kin iya ta, kwano zai dawo miki da saura. Sai kin san abin da za a ɗumama da safe tun kafin ki kwashe na dare. In akwai tsohuwa a gida tuwonta daban, mai laushi. Mai 'yan lakwal, yaran makaranta, ta ajiye musu ƙanzo. Duk wannan a kai ake riƙe shi, ana tafiya ana tunani.

Kayan aikina ba su da yawa. Muciyata ta icen aduwa ce, ban yarda da muciyar gidan kowa ba, da ita nake zuwa da ita nake komawa. Sai mara ta kwasar tuwo, da maburgi na kaɗa miya, da rariya mai ƙananan ido. Tukunya kuwa ta dalma mai kaurin gindi, irin wadda ba ta kama tuwo kafin ya nuna. Talge in bai dahu ba kika zuba gari, tuwon zai yi gari-gari a baki, kuma ba abin da zai gyara shi. In kika tuƙa ba ki rufe kin bar shi ya turara ba, da safe ya saki ruwa. Wadda ba ta taɓa tuƙa tuwon gidan mutane da yawa a zafin bazara ba, ba ta san inda kafaɗarta take ba.

Gidan farko da na riƙe ni kaɗai na wata ungozoma ne, Madam Zali. Mace mai kirki, sai dai ba ta da lokaci. Tana da firigo da murhun gas, kuma ta fi son a yi cefanen mako gaba ɗaya a cusa. Na ce mata wutar garin nan ba ta da alkawari, ta ce in dai yi. Rannan wuta ta ɗauke tun safe, ba ta dawo ba sai washegari da la'asar. Na buɗe firigon nan, wari ya buge ni: nama ya yi kore, tumatir ya narke, kabeji ya yi baƙi. Ta ce in kwashe in zubar, ta ɗauki jakarta ta tafi aiki. Na tsaya da kwandon a hannu ina kallon abincin da zai riƙe gidanmu na Bazaga kwana da kwanaki. Daga ranar na koma yin cefane kullum, kaɗan-kaɗan, nama kuwa in soya shi in ajiye a mai. Ba ta taɓa tambaya ba, ni ma ban faɗa ba.

Amma inda na fi daɗewa, inda kuma na ga abin da har yau nake juya shi a raina, gidan Alhaji Mamman ne, mai fataucin albasa. Yana saye a wajen Galmi ya tara, in ta yi tsada ya loda wa manyan motoci. Gida ne mai baki da yawa: shi da matarsa Hajiya Rabi, da 'ya'yansu, da mahaifiyarsa da kowa ke ce wa Kaka, da masu yi masa lodi da ke cin tuwo a zaure, ga kwanukan da ake kai wa tsofaffin unguwa kowane dare. Hajiya mace ce mai tsari. Duk kaka Alhaji yakan cika sito da buhunan hatsi da dawa da wake, jeri bayan jeri har ƙurya. Siton ƙofa biyu gare shi, ɗaya ta cikin gida, ɗaya ta waje inda amalanke ke tsayawa a sauke kaya. Makullin ta ciki a hannuna yake, don kullum ni ke awo. Na waje yana wajen Alhaji.

Sai aka yi wata shekara da ruwa ya ɗauke hatsi na cikin fitar da kai. Ƙauyuka da yawa ba su ga komai ba, musamman wajen Alela, inda asalin Alhaji yake. Kamar wannan bai isa ba, hanya ta rufe wa 'yan albasa, tasa ta zauna har ta fara ruɓewa. A kasuwa kullum tiya sai ƙara tsada take, matan da na sani da kwando cike suka koma saye a ƙullin leda. Ni kam hankalina a kwance yake. In na buɗe sito na ga jerin buhunan nan har ƙurya, sai in ce za su kai mu sabon hatsi, har da ragowa. A kan su na gina komai. Ban rage awo ba, ban hana kwanukan unguwa fita ba, har Hajiya ta ƙara gida biyu a cikin masu karɓa.

Damina ta faɗi, an yi shuka, jerin gaba ya ƙare. Rannan da hantsi na shiga in jawo buhun farko na jerin ƙurya. Buhun hatsi sai an kira namiji ya kama miki. Na sa hannu in gwada shi kawai, sai ya biyo ni, har na kusa faɗuwa da baya. Na kwance bakin. Ƙaiƙayi. Na zura hannu har kafaɗa, ƙaiƙayi ne har ƙasa, sai ɗan yashi a gindi don ya zauna daidai. Na jawo na biyu, haka. Na uku, haka. Na riƙa jawowa ina kwancewa, ƙaiƙayi na tashi yana shiga mini ido da hanci, har na isa bango. Cikin jerin nan duka, 'yan buhunan da ke sama ne kawai na gaske, waɗanda ba za su kai mu ko'ina ba.

Na kira Hajiya. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta yi salati, ta sake yi. Ta zura hannu da kanta. Daga nan ta juyo ta kalle ni, ta kalli makullin da ke ɗaure a bakin zanena. Na kwance shi na miƙa mata, ta karɓa.

Ku sani, mai girki ba ta da jari sai sunanta. In aka ce ta ƙona miya, gobe a manta. In aka ce an ga hannunta a sito, ba gidan da zai sake buɗe mata ƙofa daga nan har Malbaza. Amma rana ba ta tsaya don an ga ƙaiƙayi ba. Yara za su dawo daga lakwal, masu lodi za su zauna a zaure. Na wanke ido, na karɓi awon da Hajiya ta auna mini da hannunta, na kai niƙa, na tuƙa tuwo.

Da Alhaji ya shigo bayan la'asar, Hajiya ta kai shi ya gani. Ina madafa ina jin su. Ta ce a kira jandarma. Shi kuwa ya ce a bari tukuna, kada a tara wa gida jama'a, shi zai bincika. Ya wuce ta gabana, na gaishe shi, ya amsa yana kallon ƙasa. Na ɗauka kunyar kallon ɓarauniya yake ji.

Haka muka yi kusan mako. Hajiya ke buɗe sito, ita ke awo, ita ke rufewa. Ba ta zage ni ba, ba ta kore ni ba, sai dai ta daina ce mini Yaya Mariya, ta koma kiran sunana kawai. Magana kuwa ta fita. Na je sayen daddawa, matar da na shekara da shekaru ina saye a wajenta ta ja tirenta kusa da jikinta tana tambayata wai me ya faru a gidanmu. Tanti Hajo, lokacin ta tsufa ba ta fita, ta aiko a ce mini kada in kuskura in bar gidan, in na tafi na amsa laifi ke nan. Sai na ci gaba da zuwa. Kullum Alhaji ya ci tuwon da na tuƙa, ya wanke hannu, ya fita, bai ce uffan ba.

Ranar kasuwa da azahar, ina tankaɗe, sai ga sallama. Wata dattijuwa ce ta shigo da buhu a ka, ƙafafunta duk ƙura. Baraka, matar yayan Alhaji, daga ƙauyensu na wajen Alela. Ta sauke buhun, ta gaida Kaka, sannan ta zo gaban Hajiya ta durƙusa, ita da ta girme ta nesa. Hajiya ta yi ta cewa ta tashi, ta ƙi.

Ta ce, "Hajiya, godiya na zo yi. Hatsin da kike aiko muna shi ya riƙe mu. Da ba shi, da mun watse tun bazara. Alhaji ya ce ke kika ce a riƙa kawo muna, kuma kin ce kada a yi zancen. Na ce ni dai sai na zo na ga idonki."

Rariya ta tsaya a hannuna. Baraka ta ci gaba da lissafa gidajen da suka ci, da mai jegon da ta samu kunu, da yaran da ba a tura birni ba saboda akwai abin da za a ba su, tana yi tana sa albarka. Ta kwance buhun da ta kawo, busasshen ganyen tafasa ne da yakuwa, ta ce abin da suke da shi ke nan. Hajiya ta zauna a kan turmi kamar an tura ta. Can ta ce, "Ba komai, Yaya. Allah ne ya ba ku." Ta sa aka kawo wa baƙuwa ruwa da hura.

Sai da Baraka ta shiga ɗakin Kaka ta kwanta hutawa, Hajiya ta taso ta zo madafa. Ta kwance makullin daga zanenta, ta kama hannuna ta sa a ciki, ta riƙe. Ta ce, "Yaya Mariya, ki yafe mini." Na ce na yafe. Abin da ya fi tsaya mini ba nata ba ne. Alhaji ya fitar da hatsin gidansa ta ƙofar waje, amalanke bayan amalanke, ya ciyar da ƙauye guda, ya ba matarsa ladan, wannan duk na ji. Amma ya zauna ya cika buhu da ƙaiƙayi, ya ɗinke, ya jera. Ya kuma ga an karɓe mini makulli, ya san dalili, ya ci tuwona mako guda bai buɗe baki ba. Daga baya Hajiya ta gaya mini ya ce yana jiran albasa ta fita ne ya sayi wani ya mayar, ba wanda ya sani, da asiri ya tonu kuma bakinsa ya yi nauyi. Har yau ban gane yadda mutum ɗaya ke ɗauke da waɗannan hali biyu ba.

To, suna ya dawo, amma hatsi bai dawo ba, kaka kuwa da sauran nisa. A nan ne na yi aikin da ban taɓa yin irinsa ba. Muka zauna da Hajiya muka raba abin da ya rage a ido. Tuwon hatsi zalla ya koma na Kaka da ƙananan yara. Na daina zubar da tsaki, da shi nake fate-fate in cika shi da yakuwa. Ganyen Baraka na jiƙa shi, na dafa, na yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da ɗan garin rogo. Na daina shiga kasuwa da safe, sai da yamma lokacin da masu kayan garka, kayan lambu, ke son su sallamar su tafi gida. Na riƙa bin masu kawo kabewa da zogale daga wajen Tsarnawa tun kafin su iso cikin gari. Albasar Alhaji da ta fara lalacewa na sa aka kawo mini, na yanke inda ya ruɓe, na shanya sauran, ita ta zama daɗin miyarmu. Nama ya koma ƙashi, ƙashin ma sai ya yi miya biyu. Wake in na dafa, ruwansa ba ya zuba ƙasa.

Na ce wa Hajiya a dakatar da kwanukan unguwa. Ta ce a'a, tsofaffin nan ba su suka cika buhu da ƙaiƙayi ba. A rage dai, kada a yanke. Ta kuma ce kwanon Alhaji kada in bambanta shi da na masu lodi. Haka aka yi. Mutumin da ya saba da tuwo da miya mai nama a sama, ya koma ana ajiye masa kwaɗon tafasa a gaban yaransa. Ya ci, bai taɓa mayar da kwano da saura ba, bai taɓa tambaya ba. Yara sun rame kaɗan, masu lodi biyu sun koma garinsu, amma ba daren da aka kwana a gidan nan ba a ɗora tukunya ba.

Allah ya sa daminar ta yi kyau. Hanya ta buɗe, abin da ya rage na albasa ya fita. Da aka yi girbi, rannan da safe sai ga amalanke a ƙofar waje, an fara sauke sabon hatsi. Hajiya ta sa mayafi ta zo ta tsaya a cikin sito, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce kada a jera ko ɗaya sai na duba. Masu sauke kaya suka kalli Alhaji, shi kuwa yana tsaye a bakin ƙofa da carbi a hannu. Bai hana ba. Duk buhun da aka shigo da shi sai a kwance, in zura hannu har kafaɗa, in damƙo daga ƙasa in nuna wa Hajiya, sannan a ɗinke a jera. Aikin da ake gamawa kafin hantsi ya kai mu azahar. Hannuna ya yi fari da ƙura, mutane sun fara taruwa a waje suna leƙe, Alhaji bai motsa daga inda yake ba.

Da na ga an gama, na karkaɗe zanena zan fita. Sai ya yi gyaran murya. Tun ranar da na jawo buhun nan bai kalli idona ba sai a lokacin. Ya nuna wani buhu da aka jingine a bayan ƙofa, wanda ni da Hajiya duk ba mu lura da shi ba.

Ya ce, "Mariyama, ga wani can kin tsallake. Shi ma ki duba."

Na koma na kwance shi, na zura hannu har ƙasa. Hatsi ne.